"'Yan sanda sun ce": inda labari ke fara karkacewa

A daren 7 ga Yunin 2005, wayewar garin 8, 'yan sanda suka harbe wasu matasa shida a Abuja: maza biyar 'yan kasuwar kayan gyaran mota ta Apo, da mace ɗaya. Bayanin farko da ya fito daga rundunar shi ne 'yan fashi ne, su suka fara buɗe wuta aka mayar musu da martani. Har hotunan gawarwakin aka ɗauka da makamai a gefensu. Ba don 'yan kasuwar Apo sun tayar da ƙayar baya ba, da nan zancen ya mutu. Shugaba Obasanjo ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai shari'a Olasumbo Goodluck, kwamitin ya gano cewa ba 'yan fashi ba ne, makaman ma ajiye su aka yi bayan an gama kisan. Gwamnati ta nemi afuwa, ta biya kowane gida naira miliyan 3. Hukunci kuwa sai ranar 9 ga Maris 2017, kusan shekara 12 bayan nan, inda babbar kotun Abuja ta yanke wa 'yan sanda biyu hukuncin kisa, ta sallami uku, har da wanda ya fi kowa muƙami a cikinsu.

Duk wanda zai yi maganar son kai a labaran 'yan sanda, ya kamata ya fara tsayawa a kan wannan tazarar da ke tsakanin bayanin ranar farko da abin da ya tabbata daga baya. Mutane sun fi ɗaukar matsalar a matsayin ta zuciya: wane ɗan jarida ne ɗan koren 'yan sanda, wane ne ya tsane su. Akwai irin waɗannan, ba a musu. Amma mafi yawan karkatar ba daga zuciyar kowa take fitowa ba, daga tsarin aikin take. Ɗan jarida mai tsoron Allah, wanda bai karɓi ko sisi ba, yana iya rubuta labarin da ya zalunci mamaci, ya koma gida ya yi barcinsa yana ganin ya sauke nauyi.

Ga yadda abin ke faruwa. An yi harbi a wata unguwa da La'asar. Labarai za su tafi ƙarfe bakwai. Wakilin da aka ɗora wa aikin ba shi da mota, wani lokacin ba a biya shi albashin watan jiya ba, kuma yana da wasu labaran biyu a wuyansa. Mutanen unguwa suna tsoron magana, wanda ya yarda ya yi ma sai ya ce kada a ambaci sunansa. Iyalan mamaci suna asibiti ko maƙabarta, hankalinsu ba ya jikinsu. Mutum ɗaya ne tak yake da lambar waya da kowa ya sani, da muƙamin da za a jingina masa magana, da sanarwa shiryayyiya da ya riga ya tura ta WhatsApp: kakakin rundunar. Edita kuma ya san idan ya buga "'yan sanda sun ce", babu mai kai shi kotu. Idan ya buga "maƙwabta sun ce ɗan sanda ne ya harbe shi", gobe yana iya samun takardar gayyata. Sai ya zama wanda ake zargi da harbin shi ne mai ba da labarin harbin, kuma maganarsa ce kanu, ita ce sakin layi na farko. Maganar mahaifin yaron, idan ta samu shiga, tana can ƙasa inda ba kowa ke kaiwa ba.

A kan wannan akwai dangantakar yau da gobe. Wakilin da ke ɗauko labaran laifuka da 'yan sanda yake rayuwa. Su ke kiransa idan an yi babban kamu, su ke ba shi hoto kafin kowa, a taronsu ake ba da kuɗin mota. Ranar da ya rubuta abin da ya ɓata wa kwamishina rai, sai ya ga an daina ɗaga wayarsa, abokan aikinsa na samun labari shi yana hamma. Ba sai an yi masa barazana ba. Da kansa zai koyi inda ake taka birki.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne wurin holen waɗanda ake zargi. Duk mai kallon talabijin ko Facebook ya san tsarin. Harabar hedikwatar rundunar, rana tsaka. An jera bindigogi ƙirar gida da wuƙaƙe da wayoyin hannu da ƙullin ƙwaya a kan tebur ko a shimfiɗe a ƙasa. A bayansu samari a zaune a ƙasa, wasu ba riga, an haɗa hannuwansu da ankwa biyu-biyu. Kwamishina ya karanta jawabi, sannan a saki 'yan jarida a kansu. Sai ka ga makirufo biyar a bakin yaro ɗaya, kuma tambayar ba ta wuce "me ya sa ka aikata?" da "yanzu ka yi nadama?" Ba a tambayarsa ko ya aikata, an wuce wannan. Ba a tambayarsa kwana nawa ya yi a tsare, ko ya ga lauya, ko me ya kumbura masa fuska, alhali jami'in da ya yi masa tambayoyi cikin dare yana tsaye a bayansa yana sauraro. Da yamma kanu ya fito: dubun wasu ɓata-gari ta cika. An gama shari'a ke nan a idon jama'a, tun alƙali bai ga takardar tuhuma ba.

Doka ba ta san wannan ba. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi sai kotu ta tabbatar. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta tsara yadda za a ɗauki bayanin wanda aka kama, har da damar kasancewar lauyansa a wurin, dokar hana azabtarwa ta 2017 kuma ta haramta amfani da iƙirarin da aka tatsa da duka. Lauya Femi Falana ya shafe shekaru yana cewa holen nan haramtacce ne. Jihar Legas ta hana shi a dokarta a 2021, hedikwatar 'yan sanda ta ƙasa ma ta sanar da hana shi a 2025. Sai dai abin da ya fi damuna ba holen ba ne, abin da ke biyo bayansa ne, wato babu komai. Cikin waɗanda aka nuna wa duniya fuskarsu, nawa aka kai kotu? Nawa alƙali ya sallama don babu hujja? Gidan jaridar da ya aika wakili da kyamara ranar holen ba ya aika kowa ranar da aka wanke mutum. Shi kuwa zai koma unguwarsu da sunan ɓarawo, bidiyonsa na nan a intanet, duk wanda zai ba shi aiki ko aure zai gani.

Irin wannan hulɗar ce ke ƙera gwarzaye. Shekaru aka yi hoton fitaccen ɗan sandan nan Abba Kyari yana cika jaridu da shafukan sada zumunta, shi a tsaye, waɗanda aka kama a gabansa, har majalisar wakilai ta karrama shi a 2020. A Yulin 2021 hukumomin Amurka suka ambace shi a shari'ar Hushpuppi, ɗan Najeriyan nan mai damfara ta intanet, aka dakatar da shi, a Fabrairun 2022 kuma hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ta tuhume shi da hannu a harkar hodar ibilis. Ya musanta, kuma hukunci na kotu ne, ba na mai sharhi ba. Abin lura a nan halin kafofin ne: da yabo ake yi babu tambaya, da iska ta juya sai zagi babu tambaya. Duka biyun aikin lalaci ne.

To, ai 'yan jarida suna da amsa. Za su ce mun ji ta bakin kowane ɓangare. Iyalai sun ce an harbe shi yana tsaye a ƙofar shagonsa, 'yan sanda sun ce harsashi ne ya kuɓuce yayin arangama da 'yan daba, mun sa duka biyun, mai karatu ya yi alƙalanci. Wannan kamar mai awo ne da ke rantsuwa mudu ɗaya yake auna wa kowa, alhali gindin mudun a lotse yake. Mai karatu da me zai yi alƙalancin? Bai je wurin ba. Ɗan jaridar ne zai iya zuwa ya ga ramin harsashi a jikin ƙofa, ya tambayi mai shayin da ke kallon wurin, ya nemi takardar asibiti, ya ji ko ta gaba harsashin ya shiga ko ta baya. Idan bai yi ko ɗaya ba, ya jera magana biyu ya tafi, bai yi adalci ba, tsira kawai ya yi da kansa. Kuma idan aka bar magana biyu a jere babu hujja, ta mai kaki da hatimi ce ke rinjaye.

Tarihin ƙasar nan ya isa ya koya wa kowane edita taka tsantsan. A ƙarshen Yulin 2009 sojoji suka kama shugaban Boko Haram, Muhammad Yusuf, a Maiduguri da ransa, suka miƙa shi ga 'yan sanda, bayan 'yan sa'o'i aka ga gawarsa. Bayanin da aka fara bayarwa shi ne a wajen musayar wuta ko yunƙurin tserewa ya mutu, sai ga hotonsa a hannun sojoji, da bidiyon tambayoyin da aka yi masa. A Fabrairun 2010 Aljazeera ta nuna bidiyon da ake kwantar da mutane a titi ana harbe su, har da masu tafiya da sanda. Ba sai mutum yana da ɗigon tausayin Boko Haram ba kafin ya ga cewa bayanin hukuma na farko bai tsaya da ƙafarsa ba, kuma kowa ya san abin da ƙasa ta girba bayan nan.

Ba kuma ciwon Najeriya kaɗai ba ne. Ranar 25 ga Mayun 2020 da George Floyd ya mutu a Minneapolis ta Amurka, sanarwar farko ta 'yan sandan birnin cewa ta yi wani mutum ya rasu bayan rashin lafiya ta taso masa yayin hulɗa da jami'ai. Ko kalma ɗaya ba ta faɗa ba a kan gwiwar da ɗan sanda Derek Chauvin ya danne masa wuya da ita sama da minti tara. Wata yarinya 'yar shekara 17, Darnella Frazier, ita ta ɗauki abin da wayarta, kuma bidiyonta na cikin manyan hujjojin da suka sa kotu ta same shi da laifi a Afrilun 2021. A can ɗin ne kuma jaridar Washington Post ta fara ƙirga mutanen da 'yan sanda ke harbewa tun daga 2015, ta gano kusan dubu ɗaya ne a shekara, fiye da ninki biyu na abin da alƙaluman hukumar FBI ke nunawa. Ba zagin 'yan sanda ta yi ba, ƙirge kawai ta yi, suna bayan suna.

Amma wayar hannun da ta tona asirin Chauvin tana da tata illar, kuma a nan ne masu sukar 'yan sanda ba sa son a tsaya. Bidiyon da ya kunna wutar EndSARS, zanga-zangar neman rusa SARS, rundunar 'yan sanda ta musamman mai yaƙi da fashi, a farkon Oktoban 2020 daga Ughelli ya fito, a jihar Delta, ana cewa jami'an SARS sun harbe wani saurayi sun gudu da motarsa. Rundunar jihar ta ce ba SARS ba ce, wata tawaga ce daban, kuma saurayin bai mutu ba, daga motar sintiri ya diro ya ji rauni. Kafin a tantance, labarin ya zagaye duniya. Wannan bai wanke SARS ba ko kaɗan. A watan Yunin shekarar, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Amnesty International ta fitar da rahoton da ya lissafa aƙalla mutum 82 da rundunar ta azabtar, ta wulaƙanta ko ta kashe ba shari'a tsakanin Janairun 2017 da Mayun 2020. Ƙorafin gaskiya ne. Sai dai a cikin makonnin nan an yaɗa tsofaffin hotuna da na wasu ƙasashe da sunan na yau ne, wasu kafofin suka kwasa ba bincike, kuma kowane hoton ƙarya ɗaya da aka kama ya zama sandar da gwamnati ta doki na gaskiya goma da ita.

Sannan akwai gawarwakin da ba su cika samun kanu ba. Sufeto Janar na lokacin, Muhammad Adamu, ya ce an kashe 'yan sanda 22 a tarzomar da ta biyo bayan zanga-zangar, an kai hari kan ofisoshi da cibiyoyin rundunar 205. Wasu ƙona su aka yi. Kurtun da ke kwana a barikin da rufinsa ke yoyo, wanda 'yan bindiga ke yi wa kwanton ɓauna a hanyar Birnin Gwari ko dajin Zamfara, shi ma ɗan wasu ne. Idan ya mutu, lamba ce a sakin layi na uku. Rundunar da ba ta kai mutum dubu 400 ba a ƙasar da ta haura miliyan 200, ba adalci ba ne a riƙa ba da labarinta kamar duk mai baƙin kaki azzalumi ne. Ranar 22 ga Yulin 2019 a Abuja, a zanga-zangar mabiya Sheikh Zakzaky, an harbe mataimakin kwamishinan 'yan sanda Usman Umar, an harbe matashin ɗan jaridar Channels mai yi wa ƙasa hidima, Precious Owolabi, an kashe masu zanga-zanga da dama. 'Yan sanda suka ce 'yan Shi'a ne suka yi harbin, su kuma suka ce ba sa ɗaukar makami. Kowa ya zaɓi gawar da zai yi wa kuka gwargwadon ɓangarensa. Tambayar da ta shafi dukkan mamatan, wato daga wace bindiga harsasan suka fito, ita ce ba a bi ba.

Akwai kuma karkata ta wuri, wadda mu 'yan Arewa muka fi saurin gani idan ta shafe mu, muka fi saurin mantawa idan ta shafi wasu. Yawancin manyan jaridu da gidajen talabijin masu zaman kansu a Legas suke, kyamara kuma inda take kusa take haskawa. A 2020, da aka rusa SARS ranar 11 ga Oktoba, ƙungiyar gwamnonin Arewa ƙarƙashin Simon Lalong ta ce rundunar na da amfani a yankinta wajen yaƙi da 'yan ta'adda, kuma da yawa a nan suka ɗauki zanga-zangar a matsayin rigimar 'yan Kudu da aka shirya don kifar da Buhari. Kamar dai ba a karɓar na goro a shingayenmu, ba a sayar da belin da aka rubuta a bangon caji ofis cewa kyauta ne. Bayan shekara huɗu sai reshe ya juye da mujiya. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta 1 zuwa 10 ga Agustan 2024, a Arewa jini ya zuba. Amma hotunan da suka fi yawo su ne na masu kwasar kaya a cibiyar fasahar zamani ta hukumar sadarwa NCC a Kano, da na yara masu ɗaga tutar Rasha. Duka biyun sun faru, kuma labarai ne. Sai dai da suka mamaye fili, sai mai kallo daga nesa ya tafi da fahimtar cewa ɓarayi da 'yan koren ƙasar waje aka tarwatsa, kuma wanda aka harba, shi ya ja wa kansa.

Sai ranar 1 ga Nuwamba aka kawo waɗanda aka kama gaban babbar kotun tarayya a Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa, cikinsu da yara ƙanana, ramammu, bayan kusan wata uku a tsare, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Hedikwatar 'yan sanda ta ce suman na shiri ne. Wannan karon maganar ba ta sha ba, saboda akwai kyamara a cikin kotun, gani kuma ya kori ji. Cikin 'yan kwanaki Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su. Abin tambaya shi ne ina manyan kafofin suke a cikin wata ukun nan, lokacin da iyaye a Kano da Kaduna ke yawo daga caji ofis zuwa caji ofis suna neman 'ya'yansu.

Kada a ɗora wa 'yan jarida laifin duka. A ƙarshen Oktoban 2020 hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci tarar Channels da AIT da Arise naira miliyan 3 kowace, bisa zargin amfani da bidiyoyin da ba a tantance ba. Da CNN ta fitar da bincikenta kan harbin masu zanga-zangar EndSARS a Lekki da ke Legas, ministan yaɗa labarai Lai Mohammed barazanar ladabtarwa ya yi mata. Sai a Mayun 2023 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta yanke cewa NBC ba kotu ba ce, ba ta da ikon cin tara. Ga kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka sha kama 'yan jarida da shi, kuma 'yan sanda ne ke kamun. Gidan rediyon da lasisinsa ke hannun gwamnati, tallansa ke hannun gwamna, ba sai an ce masa ya yi shiru ba.

Wani sabon abu kuma shi ne yanzu rundunar ba ta ma buƙatar ɗan jarida sosai. Kakakinta na da shafin Facebook mai mabiya fiye da na wasu jaridun, shi ke ɗaukar bidiyo, shi ke tambaya, shi ke yanka, shi ke sakawa. Yana da amfaninsa, don an sha gano yaron da ya ɓata ko babur ɗin da aka sace ta wannan hanyar. Amma kafar da aikinta ya koma kwafo abin da kakaki ya wallafa ta ɗora tambarinta a kai, ta zama reshen ofishin hulɗa da jama'a na rundunar, ba tare da an biya ta ba.

Rigimar alƙaluman waɗanda aka kashe a zanga-zangar Agustan 2024 tana nan ba a raba ta ba. A ƙarshen Nuwamban shekarar Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a jihohin Kano da Jigawa da Katsina da Kaduna da Neja da Borno, 12 daga ciki a Kano, a Rijiyar Lemo da Ƙofar Nasarawa. 'Yan sanda suka ƙaryata, suka ce na Maiduguri bam ne ya kashe su, suka nemi ƙungiyar ta janye rahoton ta ba da haƙuri. Yawancin kafofin suka buga na farko, suka buga na biyu, suka wuce. Alhali mutum 24 ba adadin da ya fi ƙarfin ɗakin labarai ba ne. Gaskiya ne a wurinmu akwai wahala ta musamman: mamaci ba ya kwana, ana yi masa sutura a ranar, iyalai ba sa son a yanka gawa don bincike, uba kuma yakan ce ya bar wa Allah. Hujjar likita takan tafi tare da makara. Amma jana'iza a ƙasar Hausa ba a ɓoye ake yinta ba. Akwai wanda ya wanke gawar ya ga raunin, akwai limamin da ya sallace ta, akwai mai unguwa, akwai masu haƙar kabari a maƙabartar, akwai rajistar sashen gaggawa na asibitin Murtala. Wakili biyu da mako biyu za su iya fitar da sunan kowane mamaci da titin da ya faɗi da sa'ar da ya faɗi, sannan su kai wa kakakin rundunar jerin su tambaye shi wace tawaga ce ke wurin a lokacin, kuma harsashi nawa ta mayar ma'ajiya da yamma.